Fatalwar Ranar Litinin a Kasuwar Ogbete

Asata, Inugu
Talata

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Kande,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ƙafar taki da jiki? Ya ƙanwata Baiwa da hidimar biki? A gaishe min da Kawu Bubayero. Ni nan lafiya lau, kasuwar wake da barkono sai godiya.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Wayar gidan kullum tana hannun Baiwa, wannan magana kuwa ba na son ta ji ko da gefenta. Shi ya sa na ba Ɗanjuma direban motar albasa ya damƙa miki hannu da hannu. Na yi baƙaƙen manya-manya saboda idonki. Ki karanta ke kaɗai.

Inna, ana ta surutu a Ogbete wai ana ganin Isma'ila. Isma'ila dai mijin Baiwa, wanda ni da kaina na sa a kabari wata biyar da suka wuce. Wai yana fitowa ranar Litinin, ranar da ake zaman gida na dole a nan, kasuwa a rufe, titi ba ko akuya. Kuma ba da dare ba, da rana tsaka. Masu gadi biyu sun rantse sun gan shi zaune a rumfar 'yan baro, inda ya saba jiran kaya.

Wadda ta fara tada maganar wata Madam Obiageli ce, mai busasshen kifi a layinmu. Ta ce wata Asabar da safe ya tsaya a gabanta ya gaishe ta da sunanta. Ta kurma ihu, mata suka yi ta ɗibar ƙasa suna watsa masa, don su a al'adarsu haka ake wa mamaci in ya dawo. Samari suka bi shi da sanduna. Mutanenmu kuwa, maza da gemu, kowa ya ja a'uziyya ya cika wandonsa da iska. Ni ina wajen sauke kaya ranar, da na dawo na yi musu dariya har da riƙe ciki. Na ce rama da yunwa sun sa 'yan baro duk kamarsu ɗaya.

To dariyar ta ƙare, Inna. Tun ranar nake tuna yadda muka yi jana'izar nan. Tirela ta ƙwace a bakin kasuwa ta bi ta kan mai baro, fuska babu abin gani. Abin da aka nuna min rigar ƙungiyar 'yan baro ce mai lamba arba'in da bakwai, da baron da sunansa ke jiki. Dattawan unguwa suna ta azalzala a sallace shi kafin la'asar, kin san mu ba ma barin gawa ta kwana. Na ce shi ne. Na kira ku na faɗa, Baiwa ta shiga takaba a kan maganata.

Yau saura kwana goma sha bakwai a ɗaura mata aure da Idrisu. Ban ce a fasa komai ba, wataƙila shirmen kasuwa ne. Amma Litinin mai zuwa zan je in gani da idona.

Ki sa ni a addu'a. Na gaishe ki.

Ɗanki,
Muhyiddeen

Asata, Inugu
Talata

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan ke da mutanen gida kuna lafiya. Ɗanjuma ya iso, ya kawo min kuka da daddawar da kika aiko, Allah ya saka. Ya kuma faɗa min saƙonki, cewa in kama bakina, shaiɗan ne ke wasa da hankalin mutane, kada in ɓata wa yarinya farin cikinta. Na ji, Inna. Wallahi da zan iya yin shiru da na fi kowa so.

Jiya na je. Fita ranar Litinin a garin nan kasada ce, sai da na bi ta bayan layin dogo ina waige-waige. Na buɗe shagona na shige, na ja ƙofar na bar 'yar kafa. Ban taɓa jin Ogbete shiru haka ba. Kasuwar da ba ka jin maganar na kusa da kai, jiya kwanon rufi kaɗai ke ƙara saboda zafin rana. Na zauna a kan buhun wake ina ta jan Ayatul Kursiyyu, ni da na yi wa mutane dariya.

Dab da azahar sai ga shi. Ya fito ta layin masu doya yana ɗingishi, da wata riga da ta yi masa yawa. Ya je famfon da ke gaban rumfar 'yan baro ya tsuguna ya yi alwala. Inna, tsugunon nan na san shi, da yadda yake karkata kai in zai shafi kunne. Ya yi sallarsa a kan kwali, ya zauna yana kallon shagona, ya fi minti ashirin bai kawar da kai ba. Da ƙyar na tura ƙofar na kira sunansa. Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya. Ya miƙe zumbur, ya dube ni, ya juya ya shige cikin rumfuna. Ban bi shi ba.

Daga baya na je wurin. Ga sawun ƙafa a jiƙe, ɗaya yana jan ƙasa. Ga ɓawon gyaɗa a gefen kwalin. Ni ban taɓa jin fatalwar da ke ɓare gyaɗa ba.

Daga nan ban zame ko'ina ba sai gidan Malam Zailani, wanda ya yi wa gawar wanka. Kin tuna Isma'ila yana da cindo a hannun hagu, ɗan yatsan nan na shida da Baiwa ke tsokanarsa da shi? Na tambayi Malam ko ya gan shi. Ya ce shi ya yi wa mamacin alwala, ya tsefe yatsun ɗaya bayan ɗaya, kuma biyar-biyar ne. Ya tambaye ni me ya sa ban duba ba a ranar, tunda ni ne ɗan'uwa. Na yi masa sallama na fito.

Ke zan ba amsar. Ban duba ba don ban so in duba ba. Kin san tun farko ban so aurensa da Baiwa ba, ina ganin ta fi ƙarfin mai tura baro. Da aka nuna min rigar, zuciyata ta karɓa da saurin da yanzu yake ba ni kunya.

Saura kwana goma. Don girman Allah ki sa Kawu ya ɗaga ranar, ko da mako biyu ne. A ce ba ni da lafiya, a ce komai. In mutumin nan yana da rai, aure za a ɗaura kan aure.

Na gaishe ki. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Muhyiddeen

Asata, Inugu
Litinin, bayan la'asar

Inna,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, cikin sauri nake yi.

Isma'ila yana da rai. Yana kwance a kan katifata yanzu da nake rubutun nan, ina jin numfashinsa.

Yau ban ɓuya a shago ba. Na laɓe a bayan famfon, da ya tsuguna na fito na damƙe hannunsa na hagu. Ga cindon nan a tafin hannuna, da ɗumi. Bai yi kokawa ba. Sai ya rufe kansa da ɗaya hannun, yana jiran duka. Inna, na yi kuka a tsakiyar kasuwar da babu kowa, irin kukan da ban yi ba ranar da na binne shi.

Ga abin da ya faru. Ana gobe hatsarin ya samu aikin sauke kaya na kwana biyu a Anacha. Sai ya ara wa wani baƙo rigarsa da baronsa, wani bawan Allah da ya sauka garin a makon, ba shi da abin ci. Ko cikakken sunansa bai sani ba. A Anacha aka yi samame a inda 'yan dako ke kwana, aka kwashe su, aka karɓe wayoyi. Waɗanda 'yan'uwansu suka biyo sawu duk an sake su. Shi ya yi kusan wata biyar a kulle. Ya ce kullum in an buɗe ƙofa ni yake sa ran gani, don ya san surukinsa mutum ne mai faɗa, ba zai bari ba. Ni kuwa ina nan ina karɓar gaisuwar ta'aziyya.

Da aka sake shi ya dawo Ogbete, aka tare shi da ƙasa da sanduna. Ya je maƙabarta ya ga allon da na sa aka rubuta sunansa. Ya kuma ji a bakin 'yan tasha cewa an sa ranar Baiwa. Shi ya sa ya guje ni wancan makon, yana zaton da gangan na yi. Yana kwana a wani tsohon tarago, ranar Litinin kaɗai yake iya fitowa ya sha ruwan famfo ba a jefe shi ba.

Na kira wayar gida sau bakwai. Ashe kin karɓe ta daga hannun Baiwa kin ba Kawu. Na gaya masa komai, ya ce aljanun kudu sun taɓa ni, an riga an raba goro, ya kashe. Na sake kira na ce masa ga Isma'ila ya ji muryarsa, bai ko tsaya ba. Haba Inna! Na san abin da kike tsoro. Kin ga yarinyar nan ta yi wata huɗu da kwana goma ba ta ko duban madubi, sai yanzu ta fara dariya. Ni ma ina tsoron. Amma matar mutum ce.

Ƙafarsa ta ruɓe da ciwo, ga zazzaɓi, mai kemis ya ce kada ya hau mota kafin jibi. Ɗanjuma zai taso da asuba da wannan takarda. In Laraba ta yi ban ji an ɗaga ba, zan ɗauko shi mu taho, ko a baya zan goya shi.

Ki yafe min. Na gaishe ki.

Ɗanki,
Muhyiddeen

Tashar Ɗambatta
Juma'a da hantsi

Zuwa ga ƙanwata Baiwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan kin tashi lafiya. Kulu mai kitso ce za ta ba ki wannan, na roƙe ta ta kai ki ɗaki ku biyu. Ki zauna kafin ki ci gaba. Da gaske nake, ki zauna.

Ina cikin gari, yanzu muka sauka. Ban shigo gida ba don Inna da Kawu sun san abin da ya kawo ni, kuma ba za su bari in gan ki ba. Kada ki riƙe su a zuciya, tausayinki ne ya rufe musu ido.

Baiwa, wanda na binne a Inugu ba Isma'ila ba ne. Wani baƙo ne da ya ari rigarsa ta aiki. Na ga riga na ce shi ne, ban duba gawar ba. Mijinki yana tsare a Anacha duk watannin nan, babu wanda ya neme shi saboda ni na ce ya mutu. Laifin nan nawa ne ni kaɗai.

Daga nan wajen Liman zan wuce, kafin a taru, in faɗa masa a gaban Idrisu. Idrisu mutumin kirki ne, bai cancanci wannan ba, kuma na san kin fara sakin jiki da shi. Ba za a ɗaura ba yau. Ban so ki ji daga bakin mata ana salati a tsakar gida, shi ya sa na tsaya na rubuta.

Isma'ila ya ce in gaya miki ba rigima ya zo yi ba. In kin gan shi kin ji zuciyarki ta riga ta tafi, zai rubuta miki takardarki da hannunsa, ba zai ja ki kotu ba. Ganinki kawai yake so, kuma ki gan shi, ki tabbatar.

Na sa an kai shi zauren gidan Kulu, yana can. Ya rame ƙwarai, haƙoransa biyu na gaba babu, yana dogara sanda. In kin shiga kada ki yi ihu, don Allah, ya sha ihun mutane ya ishe shi. A mota ya tambaye ni ko kin yi kuka da aka gaya miki. Na ce masa kwana uku ba ki ci abinci ba.

Ki sa mayafinki ki bi Kulu ta ƙofar baya.

Yayanki, wanda ya sa ki takaba mijinki na raye,
Muhyiddeen