Ni Na Sa Aka Cire Wayar Sito

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni mace ce, ina riƙe da ofishin kawuna a Jibiya, hatsi muke lodawa zuwa Maraɗi. Sitonmu yana can baya, ginin kwano ne, wayar hannu ba ta kamawa a ciki. Shi ya sa tun da daɗewa aka ja layin tarho na igiya daga can zuwa teburina. Ba a danna lamba, ɗagawa kawai ake yi ya yi ƙara a wurina. Mai gadin siton, Baba Dauda, dattijo ne daga wajen Mazanya. Kirista ne, don haka ran Juma'a in maza sun tafi masallaci shi ke zama da kaya, ni kuma ina ofis.

Bara Kawu ya ce a sa wa kowane tebur wayar intanet, amma kafin ya yi tafiya ya ja kunnena kada a taɓa ta Baba. Isuhu, mai haɗa mana wayoyin, ya duba akwatin da layukan ke shiga ya ce, "Hajiya, akwatin ga ba shi ɗaukar duka. Layin igiya guda gurbin wayoyin intanet huɗu shika ci. Ko a bar na sito, ko a cika tebura." Ni kuwa so nake Kawu ya dawo ya ga ofis tsaf ya yaba min. Kuma in faɗi gaskiya, kiran Baba ya ishe ni: akuya ta shigo, an ga ɓera, ya gida ya aiki. Na ce a cire. Isuhu ya ce, "To a dai hwaɗa ma tsoho." Na ce zan faɗa. Ban faɗa ba.

Da Baba ya same ni ya ce, "Ɗiyata, wayag ga ta yi shiru," sai na ce masa matsalar sabis ce, za ta dawo. Ina ruwan wayar igiya da sabis? Amma ya yarda, har da yi min godiya.

Wata Juma'a tulin buhunan masara ya zame masa. Sai bayan an sauko daga masallaci aka same shi, ƙafafunsa a danne, ya jawo tarhon da igiyarsa, kan yana hannunsa. A hanyar asibitin Katsina ya cika. Sau nawa ya ɗaga? Me ya ce a ransa da ya ji ban amsa ba? Ni ina zaune ina ɓare gyaɗa, sababbin wayoyi sun kewaye ni, babu wadda ta yi ƙara.

Kawu ya kira Isuhu ya tsare shi a gabana kan cire wayar. Isuhu ya dube ni, na sunkuyar da kai. Bai tona ni ba, ya ce, "Allah na gani," ya fita. Yanzu 'yan kasuwa sun daina ba shi aiki, ana nuna shi ana cewa ga wanda ya yanke wayar tsoho.

Tarhon teburina yana cikin durowa, ba igiya a jikinsa. Amma duk Juma'a, da ladan ya yi kira ofis ya watse, sai in ji ƙararsa. Wallahi rannan har na buɗe na ɗaga. Tsoro nake ji, kunya kuma ta fi tsoron. Makon jiya matar Baba ta kawo min daddawa a ƙulle, ta ce ya sha gaya mata a duk ofishin nan ni kaɗai ce ba na barin kiransa ya wuce.

In na faɗa, Isuhu ya wanku, ni kuma ban san da wane ido zan kalli matar nan ba. In na yi shiru, jibi ma Juma'a ce. Jama'a, me zan yi?