Shuɗiyar Rigarka, Yaya Awudu

Zuwa ga Yayana Awudu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi maka gaisuwar da ba a jiran amsarta, da fatan inda ka sauka ya fi inda ka baro mu. Daga unguwar Whalley Range ta Manchester nake rubuto maka, daga ɗakin nan nawa da kake cewa ko akuyar kirki ba za ta yarda a ɗaure ta a ciki ba. Bangon yana nan yana tsattsafo da ruwa, mai gidan kuma yana nan yana cewa zai turo a duba.

Kaka ta zagayo, shekara ke nan da tafiyarka, kuma na ga wani abu da ya hana ni sukuni. Na rasa wanda zan faɗa wa sai kai. Ka yi haƙuri in maimaita abin da ka riga ka sani, domin cikin masu karanta wannan akwai waɗanda ba su san ka ba.

Kai mutumin Kumasi ne, ɗan zango. Ni ɗan Najeriya ne da aka turo karatu Manchester, tallafin ya tsaya, karatun ya tsaya, ni ma na tsaya, na koma gadin kantuna. A wajen wani suna a Birmingham muka haɗu. Ka ji labarina, ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce, "To ai shi ke nan, Dakta, ni na ba ka digirin." Daga ranar ban sake jin sunana na yanka a bakinka ba.

Shekaru kana tuƙa motar da ke kai tsofaffi cibiyar da suke wuni. Da aka shiga tsuke bakin aljihu aka rufe cibiyar, tsofaffin suka koma zaman taga, kai kuma aka sallame ka. Kowa ya ce ka tattara ka koma gida. Sai ga ka da wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da ɗan banɗakin da sai mutum ya shiga da baya. Ka ce, "Na tsufa a ƙasar nan ban san komai ba sai Bristol Road da fuskar manaja. Bari in ga abin da na yi wa bauta." Ka sa mata suna Hajiya. In ta ƙi tashi sai ka shafa sitiyari ka ce, "Hajiya ya gaji," da Hausarku ta Kumasi, ni kuma in ce ko mota ce a ba ta haƙƙinta na mace.

Duk kaka sai ka taso daga unguwarku ta Selly Oak a Birmingham ka tsaya ƙofar gidanmu kana danna ham har maƙwabta su leƙo. Mu bi ƙananan garuruwan da ke tsakanin biranen nan biyu, waɗanda ko bas ta daina zuwa wasunsu. Garin da ake matse tuffa a dandali kowa ya sha. Garin da ake auna kabewa kamar ana auna jariri. Garin da dattawa masu furfura ke ɗaura ƙararrawa a ƙwauri suna tsalle da sanduna, kana kallonsu kana cewa, "Ashe su ma suna da ƙauye." Da safe mu hau tudu cikin taɓo da kashin tumaki, kana gaba kana haki, ina baya ina mita. Azahar ta same mu a sama, mu shimfiɗa rigar ruwa mu yi salla, iska na neman ɗauke mu. Mu sauko ka dafa wake da shinkafa da baƙin yajin nan naku, tagogin Hajiya su yi gumi.

Ba ka taɓa shiga bikinsu da kayan sanyi kawai ba. Sai ka ciro babbar rigarka, shuɗiyar shaddar nan mai farin aiki, ka ɗora ta a kan suwaita, ka karya hula. Na sha ce maka kana mai da kanka abin kallo. Ka ce, "Dakta, ko na sa kwat kallona za su yi. Gara su kalli abu mai kyau."

Akwai garin da ka fi so, mai bikin mutum-mutumi. Kowane gida sai ya cusa bambaro a tsofaffin tufafi ya zaunar a bakin ƙofa. Ranar ƙarshe a ɗora su a bayan tarakta, masu busa na gaba, a zagaya gari da su, da yamma a kai fili a cinna musu wuta. A tudun da ke bayan garin nan ka zauna kan katangar dutse bara, da hantsi, ka ce in dakata ka sha iska. Ka daɗe kana cewa ƙirjinka na ɗaurewa, ranar da aka ba ka ta ganin likita kuwa tana can gaba. Motar asibiti ta zo, amma daga nesa ta taso. Kalmar shahada dai ka yi ta, ni shaida ne.

Abin da ba ka sani ba ya fara daga nan. Ina can ina faɗi-tashin karɓo gawarka da shirin jana'iza, Hawwa 'yarka ta je filin da muka ajiye Hajiya don ta kwashe kayanka. Gwaggonta ta kira daga Kumasi ta ce a yi sadaka da tufafinka. Yarinyar da aka haifa a Birmingham, ina ta san ana neman mai salla a ba shi hannu da hannu, ya sa, ya yi wa mamaci addu'a? Sadakar tufafi da ta sani ita ce shagon gwanjo na masu agaji. Ta ce ba za ta iya tuƙi da ƙamshinka a bayan mota ba, sai ta sauke su a shagon da ke cikin garin. Da ta faɗa mini na ce Allah Ya karɓa. Ba ta yi laifi ba, Yaya. Mu ne muka yi ta gadi da tuƙi ba mu zauna mun koya musu ba.

Ita ta ba ni makullin Hajiya, ta ce, "Ankul, kai kaɗai ka san halinta." Bana na ce ba inda za ni. Da ganye ya fara ja sai na tsinci kaina ina duba mai da taya. Na bi hanyarmu ni kaɗai. Kujerarka ta direba ta lotsa daidai jikinka, ban zauna daidai a cikinta ba har yau.

Na isa garin ranar ƙarshe ta biki. Ina tafe a babban titi, ga mutum-mutumin ɗan sanda, ga na amarya da ango, ga na ma'aikaciyar jinya riƙe da kwalin kukan an rufe musu ɗakin shan magani. Na sha kwana, sai ga ka.

Kana zaune kan kujera a bakin wata koriyar ƙofa, ka ba ni baya. Faɗin kafaɗar, yadda ka naɗe hannun riga ka aza a kafaɗa, komai. Wallahi sai da na yi maka sallama kafin hankalina ya dawo. Na zagaya gaba, na ga fuskar buhu da idanun maɓalli, an sa mata tabarau. Na duba aljihu, ga ɗinkin nan da ka yi da baƙin zare ranar da sandar giyar Hajiya ta kama rigar ta yage. Bambaro na leƙowa ta wuya.

Rigar da ka yi Juma'a da ita, ka yi Idi da ita, yau da yamma za a jefa ta wuta da siffarka a ciki, yara na tafi.

Ka san abin da ƙasar nan ta tara mini a ciki. Duk wanda ya taɓa bina da ido a kanti, duk wanda ya ce in maimaita sunana yana murmushi, duk suka taso mini lokaci guda. Na ce ba'a ce, sun samu rigar baƙin mutum sun yi abin dariya. Na buga ƙofar nan bugun da ban taɓa yi wa ƙofar Bature ba.

Wadda ta buɗe ka san ta. Tsohuwar nan mai sayar da kek ɗin tuffa, wadda kake ce wa Gwaggo, kana tambayarta duk shekara ko ta sa giya a ciki, tana ce maka ba ta ɓarnar giya a kan kek. Tana ganina ta kama hannuna da hannayenta biyu, ta fara kuka tun ban buɗe baki ba.

Ta ce ta ga rigar a tagar shago ta gane ta nan take. Ta saye ta, ta rataye a kabad kusa da kwat ɗin mijinta, ta jira shekara. Ashe, Yaya, duk zuwan da muke yi ba mu fahimci abin da muke kallo ba. Kujerun gaban taraktar na mutanen garin ne da suka mutu a shekarar. Iyalansu ke yin siffarsu da tufafinsu, a zagaya da su gari karo na ƙarshe, sannan a sallame su da wuta. An yi wa mijinta. Ba a taɓa yi wa baƙo ba. Ta ce sai da ta yi rigima da masu shirya bikin, ta ce musu mutumin da ya zo shekara da shekaru, ya kuma mutu a tudunmu, namu ne.

Na tsaya da fushina a hannu na rasa inda zan ajiye shi. Shekarun nan duka ina jiran wani a ƙasar nan ya ce mana "namu ne". Ranar da aka faɗa, da ashana aka zo.

Na yi mata bayani da Turancin da ya rage mini. Na ce a wajenmu tufafin mamaci na masu rai ne, wani ya sa ya yi salla, ladan ya kai gare shi. Na ce wuta kuwa ita ce abin da muke kwana muna tashi muna roƙon a nisanta matattunmu da shi. Sai ta zauna a dokin ƙofa. Ta tambaye ni ko da ta cuce ka ke nan. Na ce a'a, ƙyalle ne da bambaro, ba abin da zai same ka. Na san haka a karatu. Zuciyata ce ba ta sani ba.

Tare muka tuɓe ka. Ka gafarce ni, haka abin ya zo mini, kuma haka na ji shi. Dama ta cika rigar da allurai don kada iska ta ɗaga ta, tana cirewa suna sukan yatsunta, ba ta ko tsaya ba. Na ɗaga hannuwan, na zare wuyan a hankali yadda na yi ranar wankanka. Ta kwashe bambaron ta kai wa kajinta. Ta ninke rigar irin ninkin zanen gado, na karɓa na warware na sake ninkewa irin namu, aikin yana sama.

Ta roƙe ni in sa rigar in zauna a kujerarka a zagaya da ni, in sauka kafin fili. Na ƙi. Da kai ne da ka yarda, na sani, har da ɗaga wa mutane hannu. Ni ban kai ka ba. Sai ta sa aka ɗora kujerar haka nan.

Na tsaya gefen titi rungume da rigarka. Masu busa suka wuce, tarakta ta biyo, ga matattunsu na bambaro a jere suna gyangyaɗa kai, ga kujera ɗaya ba kowa a tsakiyarsu. Na ga dattawa suna cire hula. Wani ya kira sunanka, ya karya shi yadda suka saba. Ban jira a cinna wutar ba. Ina fita gari na hango hayaƙin ta madubi, na tsaya gefen hanya, na daɗe ban iya tuƙi ba.

Na wanke rigar. Turarenka ya tafi, ƙamshin bambaro ne ya ƙi fita. Akwai wani dattijo a masallacinmu, Malam Idi, mutumin Damagaram, da ya daɗe yana jiran takardun zama, kullum cikin jaket ɗaya. Dogo ne kamarka. Na kai masa hannu da hannu, na faɗa masa sunanka da na mahaifinka. Ya rungume ta ya yi ta addu'a har na ji kunya.

Yanzu duk Juma'a ina ganin bayanka a sahun gaba. Ka yi ruku'u, ka ɗago, ka gyara hannun riga. Na canja wuri, na koma ƙarshen sahu, na koma bayan ginshiƙi, idona sai ya nemo ka. Wani lokaci har liman ya sallame ban san surar da ya karanta ba. In an fito sai ka juyo da fuskar wani, ka ce mini, "Sannu, Malam Habibu." Ban san ko sauƙi nake samu ko ciwon ne yake sabunta ba. Amma goshi na taɓa ƙasa a cikinta, abin da aka ce a yi ke nan tun farko.

Hawwa ta kira ta tambaye ni yadda tafiyar ta kasance. Na ce mata garin bai manta da babanta ba, har kujera suka bar maka a jerin gwanonsu. Ta yi kuka, ta ce ta ji daɗi. Ban yi mata ƙarya ba, sauran ne ban faɗa ba. Ba ta karanta Hausa, shi ya sa na rubuta da ita. Duk wanda ya karanta wannan kuma ya san ta, na haɗa shi da Allah ya bar yarinyar nan da abin da na ba ta.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya. Ya yalwata maka makwanci, Ya sanyaya shi, Ya tufatar da kai da abin da ya fi shadda. Ya haramta wa wuta jikinka. Ya sa duk sujadar da aka yi cikin rigar nan ta iske ka. Ya raya Hawwa, Ya ba Malam Idi mafita, tsohuwar nan kuma Ya dube ta da niyyarta. Mu da muka rage a ƙasar mutane, Ya sa in tamu ta zo a samu wanda ya san yadda ake yi da mu.

Ƙaninka da ka bari a hanya,
Habibu