Darakta Yana So In Sa Su Kuka, Ni Kuwa Ban Dariya Na Koyo

Anti Mai Shawara, don Allah ki agaza mini kafin Asabar ta sama. Kwana goma sha ɗaya suka rage, har yanzu na kasa tsayar da magana. Ki yi haƙuri da yawan lissafina, ni 'yar mai gyaran agogo ce. A gidanmu ba a cewa wajen ƙarfe biyu, sai dai biyu saura minti bakwai.

Shekarata ashirin da huɗu. Shan inna ya same ni ina da shekara uku, da sanduna biyu nake tafiya. Mako uku da suka wuce na kammala kwas na wata tara a makarantar koyon wasan kwaikwayo da barkwanci. Mu talatin ne a aji. Ashirin da huɗu sun biya da kansu, mu shida muka shiga ta asusun tallafi da wani kamfani ya ɗauki nauyinsa, domin masu nakasa da marasa hali. Tallafin ya biya kuɗin makaranta amma bai haɗa da kuɗin mota ba, shi ya sa biyu a cikinmu suka daina zuwa kafin wata na huɗu. Ni Yayana ke kai ni a babur kafin ya wuce gareji, in zauna a kan benci awa ɗaya da rabi ina jiran a buɗe ƙofa.

Ranar da aka ɗauke ni, Baba ya cire gilashin da yake maƙalawa a ido ya dube ni, ya ce ashe surutun da yake hana ni a kyauta har makaranta gare shi. Umma kuwa ba ta yi dariya ba. Tsoronta kada a mayar mata da 'ya abin kallo.

Da farko kamar tsoron nata zai tabbata. Dandamalin makarantar matakala uku gare shi, babu abin dafawa. Kafin in gama hawa an fara tafi, duk abin da na faɗa kuma tafi. Wani ɗan ajinmu da muke kira Ɗan Hutu ya ce, ina ji, 'yan tallafi ko atishawa suka yi sai an tafa musu. Abin ya yi mini ciwo saboda ni ma ina zargin haka.

Malamarmu ta koya mana mu riƙa naɗar wasanmu a waya, mu saurara, mu ƙirga sau nawa aka yi dariya. Ni sai na raba takardata biyu, tafi gefe ɗaya, dariya gefe ɗaya. Na lura tafin tausayi yana riga ƙarshen magana zuwa. Dariyar gaske kuwa tana ɗan makara, kuma ba ta da kyan ji, wani ya sarƙe, wata ta buga cinya. Wasana na farko minti biyar ne: tafi tara, dariya biyu, ɗaya daga ciki ta Yaya ce, na gane muryarsa.

Daga nan na daina ɓoye wahalar hawan. Na mayar da matakalar ita ce wasan. Ina hawa ina sharhi kamar mai sharhin ƙwallo a rediyo, sandar dama ta miƙa wa ta hagu, matakala ta biyu ta tare hanya, alƙali bai ga komai ba. Ranar bikin kammalawa na yi minti bakwai, dariya talatin da ɗaya. Na saurara sau huɗu don kada in yi wa kaina ƙari. Umma ta rufe baki da mayafi kafaɗunta na rawa don dariya. Ɗan Hutu da kansa ya zo yana sosa ƙeya, wai in duba masa rubutunsa.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba sai da na aika muryata kawai, babu hoto, zuwa wani gidan rediyo da ke neman masu barkwanci. Mutum ɗari da goma sha biyu suka nema, aka ɗauki uku, ina ciki. Mai shirin bai san da sanduna ba sai ranar da na je, ga ɗakin naɗar murya a bene na biyu. Ya rikice yana ta ba ni haƙuri. Na ce ya kwantar da hankali, matakala uku ta ba ni minti bakwai, ashirin da biyu na benensu kuwa shirin wata guda ne. Yanzu sun sauko da na'urar ƙasa, zan fara aiki farkon wata.

To Anti, ga matsalar. Ranar Asabar ɗin mutanen kamfanin za su zo su yanke ko za su ci gaba da tallafin. Daraktan makarantar ya ce ni zan yi magana minti goma a gabansu, ya kuma ba ni jawabin da ya rubuta mini. "Duk da nakasarta" ta fito sau biyar a shafi biyu. Babu barkwanci ko ɗaya. Yana so in karɓo hotona na yarinta wajen Umma, wanda nake rarrafe a tsakar gida, a haska shi a bango. Ya ce ya shekara takwas yana roƙon masu kuɗi, hawaye ne ke buɗe aljihunsu.

Ba mugun mutum ba ne, shi ya yi faɗi-tashin kafa asusun. Kuma akwai masu jira. Matar da ke share mana aji, wadda muke kira Gwaggo, babu malamin da ba ta iya kwaikwayon tafiyarsa da muryarsa, har shi daraktan. Ta cike takardar neman tallafin baɗi, ni na taya ta. Idan na ƙi jawabin aka rufe asusun, da wane ido zan dube ta? Idan kuma na karanta, na rushe abin da na yi wata tara ina ginawa. Ya zan yi?

Taki,
'Yar mai gyaran agogo

'Yata,

Barka da arziki. Na karanta wasiƙarki na yi dariya ni kaɗai a ofis har abokin aikina ya leƙo, kuma ban ga sandunanki ba. Ki ƙara wannan a takardarki.

Mu fara da yi wa darakta adalci. Tsoro ne ke damunsa. Kujeru shida yake karewa, kuma hanyar da ya sani ta taɓa yi masa aiki. Kada ki je masa da fushi, kada kuma ki aika saƙon waya. Gobe ki same shi a ofis, ki gode masa, sannan ki gaya masa kai tsaye cewa za ki yi magana, amma da bakinki. Batun hoto ki ce a'a sau ɗaya, ba sai kin yi dogon bayani ba. Hoton nan na Umma ne da ke.

Kada ki bar shi hannu wofi. Ki roƙe shi ya tara malamai biyu ko uku cikin makon nan, ki gwada minti goman a gabansu. Mutumin da ke tsoro ba ya jin hujja sai ya gani da idonsa.

Ga yadda zan raba lokacin da ni ce. Minti bakwai ki yi wasanki. Mutanen kamfanin sun zuba kuɗi don a koya wa mutane sana'a, haƙƙinsu ne su ga sana'ar. Minti biyu ki ba su gaskiyar da darakta ba zai iya faɗa ba ke kuwa za ki iya: shida suka shiga, huɗu suka gama, kuɗin mota ya kori biyu. Ki nemi a haɗa shi cikin tallafin, a kuma gyara hanyar hawa dandamali. Minti na ƙarshe ki faɗi wahalar da kika sha da kalmominki. A nan darakta yana da gaskiya, suna bukatar su san abin bai zo da sauƙi ba. Benci da jiran awa ɗaya da rabi sun isa, ba sai an haska yarintarki ba.

Gwaggo kuma, kada ki ambace ta sai kin nemi izininta. Abin da ba ki so a yi da ke, kada ki yi da ita don neman tausayi.

Ba zan yi miki alkawarin za su sa hannu ba. Kamfanoni suna da dalilansu da ba su shafi kowane jawabi ba, kuma wataƙila an kusa gama yanke hukuncin tun kafin ki buɗe baki. Nauyin asusun nan na darakta ne da hukumarsa. Naki shi ne minti goma masu kyau, kuma kin nuna kina da su.

Ranar ki karya da wuri, ki sa kayan da kike sakewa a ciki. In kin sauko kada ki tsaya karantar fuskokinsu. Ki nemi kujera ki zauna, ki sha ruwa, kin gama naki. Allah ya buɗa miki baki, ya buɗa musu hannu, ya sa albarka a sabon aikinki.

Anti Mai Shawara