Banɗaki ya kalli alƙibla, an ɗora wa Phoebe

Anti Saude, don Allah ki taimake ni da amsa kafin ranar Litinin, domin idan ta wuce ban san amfanin da shawarar za ta yi mini ba.

Ni mai zanen gini ce a wani ƙaramin ofis kusa da Kasuwar Kwastam a nan Maiduguri. Mu biyar ne har da oganmu, Injiniya Bala. Sai na yi miki bayanin aikinmu kafin ki gane ɓarnar da na yi. Zanen gida ɗaya ba fayil ɗaya ba ne. Akwai babba da muke kira uwa, sai ƙanana da muke kira 'ya'ya: na famfo daban, na wuta daban, na rufi daban. Uwar sunayensu kawai ta riƙe, duk lokacin da aka buɗe ta sai ta je ta jawo su. Dukkansu suna zaune a rumbun kwamfutar ofis, wanda ke ajiye tarihin kowane gyara, da ranar da aka yi shi, da sunan wanda ya yi. Dokar oga ɗaya ce: kada a canza wa fayil suna, kada a yi aiki a wajen rumbu.

To ni ce na karya ta. Watan jiya mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya, na yi kwana huɗu a gida. Sai na kwashe zanen gidan wani Alhaji Uwais da ake ginawa a Dusuman na zuba a filas, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, na tafi da shi gida. Don kada in rikice, na sa wa kwafin famfon suna "famfo na ƙarshe", na haɗa uwar da shi. Wannan ɗabi'ar tun makaranta take bina. Kwamfutata cike take da "na ƙarshe", da "na ƙarshen gaske", har da "na ƙarshe in Allah ya yarda".

A kwanakin da ba na nan, abokiyar aikina Phoebe, wadda famfo ke hannunta, ta lura kujerun banɗakuna huɗu sun fuskanci alƙibla. Ba wanda ya sa ta. Ta juya su, ta mayar da fayil ɗinta da sunansa na asali, ta faɗa wa oga a tsaitsaye, ya ce to, ya manta. Ni kuma na dawo na zuba nawa, uwar tana nan manne da tsohon kwafina. Daga ita aka buga takardun da aka kai wa magina. Sun shimfiɗa bututu, sun zuba kankare a kai.

Ranar Talata Alhajin ya je dubawa, ya auna alƙibla da wayarsa, ya ga bututun banɗakunan ita suka fuskanta, ya zo ofis yana huci. Oga ya sauke fushinsa kan Phoebe. Ta buɗe fayil ɗinta ta nuna masa daidai yake, ya ce ai bayan an kama ta ne ta gyara. Shi mutumin takarda ne, bai taɓa buɗe tarihin rumbun da ya kafa mana doka a kansa ba. Ya ce ranar Litinin ta zo ta kwashe kayanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar da ta fara yawo, wai don ba Musulma ba ce shi ya sa ba ta damu ba. Anti, wallahi kunya ta kama ni. Phoebe ce ta koya mini rabin abin da na iya. Keke Napep ɗaya muke hawa zuwa Kasuwar Litinin. Ina zaune ina ji, bakina ya mutu.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Aikin nan shi ke riƙe da ni da mahaifiyata. Har na kai hannu zan goge kwafin in mayar da uwar kan fayil ɗin Phoebe a ɓoye, na fasa. Tun ranar Laraba ba ta ce mini komai ba, gaisuwa kawai. Yaya zan yi?

'Yar'uwarki da ta rasa sukuni, Maiduguri

AMSA

'Yar'uwa, Allah ya ba mahaifiyarki lafiya. Tsoronki ba na banza ba ne, kuma ba da mugunta kika yi ba, jinya ce ta kai ki. Amma mu raba abu biyu. Kuskuren fayil ya riga ya faru, shi kuwa shirun nan kullum kike sake yin sa.

Kada ki taɓa kwafin nan. Rumbun zai rubuta sunanki da ranar da kika goge, ki tashi daga mai kuskure ki koma mai ɓoye laifi. Sannan ki tuna Phoebe ta fi ki sanin rumbun. Ina kyautata zaton ta riga ta duba tarihin, ta ga sunanki, ta yi shiru tana ba ki dama ki faɗa da bakinki. Idan haka ne, aikinta ta ajiye a hannunki.

Kada ki jira Litinin. Ki fara zuwa wajenta ki nemi gafara, ba tare da kawo uzurin jinya ba. Daga nan ki sami oga, ki buɗe masa tarihin, ki nuna masa ranar da ta juya kujerun da ranar da kika zuba naki. Shi ma yana da nasa kason, tunda an faɗa masa ya manta, ya kuma yanke hukunci bai duba ba. Amma ba wannan ce ranar da za ki tuna masa ba.

Ki tafi da gyara a hannu: yadda za a juya bututun da ƙarancin fasa kankare, da tsarin da zai hana a maimaita. Duk wanda zai taɓa fayil ya kulle shi da sunansa har ya mayar. Idan dole a fita da aiki, a fita da uwa da 'ya'yanta tare, su dawo tare, da sunayensu. Kafin a buga takarda, mutum na biyu ya duba inda uwar ke jawo kowane ɗa. Kalmar "na ƙarshe" kuma ki yi mata sallama.

Ba zan yi miki alƙawarin aikinki zai tsira ba. Mai yiwuwa ya tsira, mai yiwuwa a'a. Amma ki roƙi oga a gaya wa Alhaji Uwais, a kuma faɗa a gaban waɗanda suka yaɗa maganar, cewa a ofishin nan na mutum biyar, Phoebe ce kaɗai ta duba alƙibla. Wannan haƙƙinta ne, ko an kore ki ko an bar ki.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa ki iske ta da sauran haƙuri.

Anti Saude