Zanen Ruwa a Bangona

Daren Laraba, farkon damina, Wara

Yau ɗana Sani ya zo daga Yelwa da bokitin fenti, ni ina gona. Ko da na dawo ya wanke bangon waje, ya shafe shi da shuɗi tun daga sama har ƙasa. Duk zanen da nake yi da ƙusa, inda ruwan tafki ya tsaya a shekarun ambaliya, ya rufe.

Na ce, "Wa ya aike ka?"

Ya ce, "Baba, ai datti ne. Gidan ga ya zama abin kunya a unguwa."

Wai datti. Da dattin nan nake sanin ranar kwashe shinkafa daga ɗaki. In ruwa ya taɓa zane na uku, ba a tsayawa shawara. Ya ce yanzu waya ke faɗa. Waya ta taɓa kwana cikin ruwa?

Innarsa na ta cewa, "Malam, yaro alheri ya yi." Na sani. Fentin ma ya yi kyau, faɗa masa ne ba zan yi ba.

Bayan la'asar na ɗauko ƙusata, na bi bangon ina lalube da hannu. Na sake zana shida. Na bakwai, na shekarar da rumbunmu ya faɗi, ban same shi ba. Sai na jingina da bangon na zana daidai ƙuguna, don ƙuguna bai manta ba.

Sani na tsaye yana kallo. Gobe in ya sake shafawa, ƙusar na aljihuna.