Ƙarar da Kowa Ya Ji Ban da Ni

Tamanrasat,
Talata, 12 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga yayata Raliya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Muhammad Kabir da yara gaba ɗaya. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ba ta sauƙi, ya ƙara mata nisan kwana, ya bar mana ita. Mu nan sai godiya. Matata Gwamma lafiya lau. 'Yarmu Sadiya ta shiga aji huɗu a lekkol, wato makarantar boko, Larabcin Aljeriya ya zauna a bakinta, har gyara mini take yi gaban mutane, 'yar nema. Sanyi ya fara saukowa daga duwatsu, da asuba sai an ɗumama ruwan alwala.

Rashidu direba ya iso lafiya. Ya ba ni kuka da daddawar da kika aiko, ya kuma isar da saƙonki bai rage ko kalma ɗaya ba. Wai na zama Balarabe, girman kai ya hana ni ɗaukar waya, in ma na ɗauka sai in yi ta "to, to" in kashe. Wai Inna ta kira ta gaya mini rasuwar Gwaggo Mariyamu, na ce mata madalla. Yaya, wallahi sai a bakin Rashidu na san Gwaggo ta rasu. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Na yi kuka, kuma ba na rashinta kaɗai ba. Kullum ina ce muku rezon waya ne ba kyau. Ƙarya nake yi, rezon garin nan lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa na zauna na rubuta miki da hannuna, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki ƙara yi mini faɗa.

Kin san shekara ashirin da biyu ke nan ina haɗa kiɗan mota da gyaransa. A layinmu ba wanda ke kirana Sharifu, Mai Kunne ake ce mini, don mota na shigowa da kiɗa zan faɗi ciwonta tun ba a buɗe komai ba. Da wannan sunan nake ci da iyalina. To, akwai babbar lasifikar nan da ake sawa cikin akwati a bayan mota, muna ce mata wufa. Ita ba ta waƙa, aikinta gurnani kawai, irin wanda kike ji a ƙirji in motar samari ta wuce ƙofar gida. Watan jiya wani mai suna Mahamane ya kawo mini tasa. Ba'abzine ne ɗan Agadas, mutum mai natsuwa, yana jigilar mutane da kayan lambu tsakanin nan da Idles, kuma ni na haɗa masa kiɗan bara waccan. Ya ce kiɗan ne ke hana shi gyangyaɗi a waccan muguwar hanya. Ya ce in gita ce ke tashi ba matsala, amma da ganga ta sauka can ƙasa sai wata ƙara ta biyo bayanta, kamar zanzaro ya shiga gwangwani.

Na kunna, na ji gurnani sumul, ba zanzaro ba ɗan'uwansa. Na ce a raina wataƙila sai motar na tafiya take yi. Na bi abubuwan da kowa ya sani. Na duba ampli, wato ƙaramin injin da ke ƙara wa kiɗa ƙarfi, na tarar an murɗa shi ya wuce kima, na rage. Na kwance wayar mas, wadda ke mayar da wuta ta ƙarfen jikin mota, na kankare tsatsa, na mayar na ɗaure tamau. Na matse kawunan batir. Na sa ido ko fitilun gaban direba za su lumshe in ganga ta buga, don in wuta ba ta isa haka suke yi, ban ga komai ba. Na ce masa an gama. Ya karkata kai ya saurara, ya dube ni, ya yi godiya ya tafi.

Kwana shida sai ga shi, wai tana nan. Wannan karon na zazzage bayan motar kaf, jak, sifana, har butar shayinsa da 'yan kofuna, don sau da yawa ba lasifika ke ƙara ba, tarkacen kusa da ita ne. Na sa roba bayan lambar mota. Na fito da akwatin, na jiƙa bayan hannuna na bi duk mahaɗin katako ko zan ji iska na tsira, don gargadar hanyar Idles ba abin da ba ta kwancewa. Na ƙara matse sukurori. Na ɗora yatsu huɗu kan faifan lasifikar na danna a hankali, ko yashi ya shiga yana goga a ciki, ya tafi ya dawo lafiya. Na auna da mita, daidai. Lokacin da kaina ke cikin motar ashe ya yi mini magana daga baya, ban sani ba sai daga baya. Na sake ce masa an gama.

Zuwa na uku shi ne abin kunyar. Na cire amplinsa na sa nawa, na sa kiɗan wayata don kada a ce nasa ne ya lalace. Isufu mai faci, maƙwabcin shagona, yana zaune da mutane huɗu suna shayi. Ganga na sauka Mahamane ya ɗaga yatsa, ya ce ga ta nan, in saurara. Na saurara har na rufe ido. Ba komai, Yaya, gurnani mai daɗi kawai. Kin san halina, ke kika sha fama da shi tun ina ƙarami. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya gaban jama'a na ce hanya ce ta cinye masa kunne, na ce akwai mutanen da ko me aka yi musu ba sa gamsuwa, in ya raina aikina ga gari nan da faɗi. Ya ja rawaninsa ya rufe har hanci, ya sauke akwatin ya ajiye ƙofar shagona, ya ce zai dawo in Allah ya yarda. Na juya wajen Isufu don ya goyi bayana, sai na ga shi da mutanensa kowa na kallon kofinsa.

Taurin kai ya sa ranar Juma'a bayan masallaci na kai akwatin gida, na haɗa shi da batir a tsakar gida. Gwamma na gefe tana yankan kuɓewa. Ina kunnawa ta toshe kunne ɗaya da kafaɗa, ta ce don Allah in kashe wannan zizar, har haƙoranta take ji. Na ce wace ziza. Ta ajiye wuƙa ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba. Daga nan ta fasa abin da ta daɗe tana haɗiyewa. Ta ce ya fi shekara. Ta ce talabijin nake ƙure wa murya har maƙwabta na aiko da magana, waya na kuka a aljihuna sai wani ya taɓa ni, Sadiya kuma ta daina ba ni labarin lekkol don sai ta faɗa sau uku, a ƙarshe in yi dariya inda ba abin dariya. Ta ce duk ranar da ta ɗauko zancen sai in hau ta da faɗa, in ce ita ce ke magana ciki-ciki, shi ya sa ta yi shiru. Yaya, sai kawai na zauna kan turmi.

Ita ce ta ce in tashi mu nemo abin. Muka yi shawara ni in riƙa dafa wuri ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta ɗaga hannu in ƙarar ta tsaya. Na dafa bangon akwati, ba ta ɗaga ba. Na dafa bakin faifai, na dafa hular tsakiya, duk ba ta ɗaga ba. Na kwance lasifikar daga akwatin na riƙe ta tana aiki, na zura ɗan yatsa ta baya na taɓa wata siririyar waya mai saƙa da ke kai wuta ciki. Gwamma ta ɗaga hannu. Na saki, ta sauke. Na sake taɓawa, ta ɗaga. Da na haska fitila sai ga tabo yana sheƙi a bayan faifan, inda wayar ta daɗe tana duka. Ta saki ne, kuma ba ta kaiwa sai ganga ta sauka ƙasa faifan ya yi doguwar tafiya. Na gyara mata zama, na sa ɗigon gam da guntun soso. Aikin da ya ci mini mako uku da mutuncina bai kai tafasar shayi ɗaya ba. Kuma tun ranar farko ƙarar na nan, kowa na ji.

Litinin na je asibiti. Lokotoro ya sa mini abin ji a kai, ya ba ni maɓalli, ya ce in danna duk lokacin da na ji ƙara. Na danna sau da yawa da farko, sannan na zauna ina jira ya ci gaba, ashe yana ta yi. Ya ce ƙananan sautuka sirara sun tafi a kunne biyun, na hagu ya fi lalacewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Shi ya sa nake jin gurnani amma ban jin ziza, ina jin ana magana amma kalmomin na narkewa, musamman muryar mata da yara, musamman a waya. Ya tambayi sana'ata, da na faɗa sai ya ajiye biro. Ya ce in na ci gaba da cusa kai cikin akwatin kiɗa, sauran ma zai bi. Ya yi zancen wata na'ura da ake sawa a kunne, ya ce za ta taimaka wajen hira, amma ba za ta mayar da ni Mai Kunne ba.

Na kai wa Mahamane akwatinsa har tasha da kaina. Na yi niyyar in ce kawai an gano, amma da na ga fuskarsa sai na gaya masa duka, na roƙi gafara. Ya kunna, ya saurara, ya ce yanzu ta yi. Sannan ya ce tun zuwansa na biyu ya sani, don ya kira ni sau uku daga baya ban juyo ba. Ya ce a wurinsu ba a faɗa wa mutum rauninsa gaban jama'a, kuma bai so ya kai aikin wani shago a tambaye shi dalili. Ki ji mutumin da na ce hanya ta cinye masa kunne! Da ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ga abin da ke hana ni sukuni. Tunda abin nan ya faru Baba nake gani, Allah ya jiƙansa. Kin tuna yadda yake zama a zaure yana gyaɗa kai yana murmushi ko me aka ce, mu kuma muna ƙus-ƙus gabansa muna dariya? Ni na fi kowa. Ga shi yau ni ke gyaɗa kan. Ke kika girme ni, ki gaya mini tsakani da Allah: yana da shekara nawa abin ya fara masa, kuma shekara nawa ya ɗauka kafin ya rufe gaba ɗaya? Injin niƙan da ya yi aiki da shi ne ya jawo, ko a dangi akwai wani? Ina tambaya don Sadiya. Ni ban san wata sana'a ba, Yaya. Isufu ya ce in koma gyaran wayoyin lantarkin mota, ba hayaniya. Gwamma ta ce in riƙa kawo akwatuna gida ta zama kunnena. Na dai daina karɓar manyan kiɗa, kuma layi ya fara ji, jiya wani ya kira ni Sharifu. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Ki gaida Malam Muhammad Kabir, ki ce ya sa ni cikin addu'a. Ki gaida Nana Aisha da Zuwaira da mai jego Rakiyatu, Allah ya raya. Ki je gidan Gwaggo Mariyamu ki yi musu gaisuwa da sunana, ki faɗa musu dalili, kada su riƙe ni. Gwamma da Sadiya suna gaishe ku da kyau. Amsa kuma ki rubuto, ko a waya ne, kada ki kira.

Inna kuwa, ki zauna kusa da ita ki karanta mata takardar nan a hankali. Ki ce ta yafe mini waccan madalla. Sannan ina roƙon alfarma ɗaya. Ki ɗauki wayarki ki naɗa mini muryarta, mai tsawo, ta faɗi duk abin da ta ga dama, ko labarin awakinta ne. Ki ce kada ta ɗaga murya don wai in ji, in ta ɗaga sirancewa take yi ta ɓace mini. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda take yi in ta idar da sallah. Ina da lasifika ɗaya mai kyau da na hana kowa, da ita zan saurara. Kuma ta kira ni Autana, ko sau uku ne, tun ina iya ji.

Wassalam. Naki ƙane,
Sharifu.