Sunan da Aka Raɗa Jaririya Tana Cikin Kwalba

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka.

Malam, sai ranar Talatar nan na gane irin aikin da 'yarka ta kama. Ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, Larai matar Sale maƙwabcinmu ta shigo da jaririya a ƙirji cikin riga. Ta durƙusa a gabana tana hawaye, ta ce in sa wa yarinyar albarka, tunda 'yata ce ta riƙe ta. Ni da na ɗauka allura take yi tana raba ƙwayoyi, kamar ma'aikatan asibitinmu na Ɗanbatta.

Bari in faro maka daga farko. Ina cikin takabarka takardar aikinta ta fito. Aka tura ta wani babban asibiti a Kano, ɗakin bakwaini da jariran da aka haifa ba lafiya. Ta ce min kafin ta taɓa jariri sai ta wanke hannu har gwiwar hannu. Nono ma ta wani siririn tiyo ake zura musu ta hanci.

Sati uku da fara aikinta Larai ta haihu, ciki wata bakwai. Yarinya kamar ɗan tsako, kuka ma ba ta iya ba. Aka garzaya da ita Kano, aka sa ta a kwalba, Allah Ya nufa a ɗakin da 'yarka take.

Kwana biyar da haihuwa, Iya Dije uwar Sale ta yafa mayafi ta hau mota, wai za ta ɗauko jikarta a yi suna a gida. Ka san Iya Dije. Cewa ta yi, "A zuri'armu ba a taɓa raɗa wa mutum suna yana cikin kwalba kamar man gyaɗa ba." Likita ya gaya mata in aka cire wa yarinyar iskar da take shaƙa, ba za ta kai gida da rai ba. Ta ce a kawo takarda ta dangwala, rai na Allah ne.

'Yarka ce mafi ƙanƙanta a wurin, amma ita ta fito. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta kamar a gida. Iya ta ce, "Ke da na yanke wa cibiya, ke za ki hana ni jikata?" Ita kuwa ta ce, "Iya, ni ma ranar sunana ai ba a kai ni ƙofar gida ba. Maza suka raɗa, aka aiko muku ciki."

Daga nan ta kira ni a waya ta ce in je wajen Liman. Ni da ban taɓa magana a zauren maza ba, kuma ban daɗe da fita takaba ba. Na je, Malam. Na tsaya a bayan ƙyaure, na faɗi abin da ta ce in faɗa: a yi suna a gida, a bar jaririya a asibiti. Liman ya ce yarinyar nan ta yi gaskiya, ya aika aka kira Sale.

Ranar bakwai aka yanka rago a nan, aka raba goro. Sale ya buga waya Kano. 'Yarka ta sunkuya ta 'yar tagar kwalbar ta ce, "Sunanki Maryam." Sati biyar suka ƙara a can kafin a sallamo su.

Ka tuna lokacin da kake ɗaukar 'yarka a babur zuwa tasha za ta makarantar koyon jinya, 'yan majalisa suna yi maka tsiya, wai Malam zai mai da 'yarsa Baturiya? Ka ce, "Ku dai ku yi ta haihuwa, za ku neme ta." To sun neme ta, Malam. Yanzu Iya Dije ba ta kiranta sai "Sistarmu", kuma duk mai son ɗaukar Maryam sai ta miƙa masa sabulu da buta tukuna, ko da Mai Unguwa ne.

Na yi dariya, na shiga ɗaki na yi kuka, don ba ka nan balle in ga yadda za ka gyara hula.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya kai maka ladan kowane jariri da ta ɗauka. Allah Ya raya Maryam.

Abu ɗaya ya rage. Kai ne mai yabon 'yarka, ni kuwa ka san kunyar 'yar fari, ko sunanta ban taɓa kamawa ba. Ranar Juma'a za ta zo gida, kuma har yau ban kalli idonta na ce mata ta yi ƙoƙari ba.

Taka har kullum,
Hauwa'u